Taron dangi ko ƙarfin kai? Mu tsayar da doka kan ɗaukin waje

Baban Zaure (admin):
Assalamu alaikum jama'a. Na rufe gumurzun Batman da Iron Man, kuma ba zan buɗe shi ba sai mun gama wannan maganar. Ga waɗanda ba su bi ba: an faro lafiya lau, sulke da sulke, dabara da dabara. Da mutanen Batman suka ga ana neman kai su ƙasa, sai wani ya ce ai Bruce, wato Batman, yana da lambar Superman, kira ɗaya ya isa. Ɗaya ɓangaren suka ce to Tony, wato Iron Man, shi ma ya kira Thor da Hulk. Kafin a ankara an koma Justice League da Avengers, mutum biyun da aka haɗa tun farko ko sunansu ba a ƙara ambata ba.

Shawarata ita ce, daga yau duk karon da aka buɗe ɗaya da ɗaya ne, babu ɗauki daga waje, sai in wanda ya buɗe ya rubuta akasin haka tun daga sama. Na san akwai ramuka a cikin wannan. Ku nuno su yanzu, kada sai ana tsakiyar faɗa mutum ya zo yana turo mini ƙorafi ta gefe.

Ɗan Saiyan:
Wa'alaikumus salam Baba. Na goyi baya ɗari bisa ɗari. Amma a rubuta a ajiye, Genki Dama ba ɗaukin waje ba ce. Fasahar Goku ce ta tara ƙarfin halittu ya dunƙule ya jefa, a wajen King Kai ya koyo ta da guminsa.

Hokage na Takwas:
Tun ba a je ko'ina ba har ka fara gyara wa naka hanya. Fasahar da sai an bi duniya ana roƙon mutane su ɗaga hannu? In wannan ta wuce, to Kurama, dabbar da ke cikin Naruto, da ƙaton kwaɗonsa Gamabunta da duk kwaɗin Dutsen Myoboku sun wuce tare da ita.

Mai Jemage:
Ku dube su fa. Waɗannan biyun su suka fi kowa ihu da aka ce Alfred, mai yi wa Batman hidima, ya yi masa magana a kunne. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Tsohon Hannu:
Ku tsaya mu bi abin a hankali, samari. In muka ce za mu ɗauki jarumai ɗaya bayan ɗaya muna cewa wannan an yarda, wancan ba a yarda ba, har abada ba za mu gama ba, kuma kowa nasa zai kare. Ma'auni muke buƙata wanda ba ya duban fuska. Ga nawa: abin da ake kira taimakon nan, yana iya cewa a'a? In yana da ra'ayin kansa, yana iya ƙin zuwa, to mutum na uku ne, ya tsaya a waje. In ba ya iya ƙi, kayan aiki ne. Superman yana iya ganin kiran Batman ya ƙi ɗagawa. Garkuwar Captain America ba ta da ra'ayi, takubban Zoro ma haka. Shi ke nan, an raba gardama.

Gimbiya:
Yaya Tsohon Hannu, ma'aunin ya yi kyau a ido, amma ɗora shi a kan Ash ka gani. A kashi na farko na Pokémon, 1997, Pikachu ƙin bin umarni ya yi, ya ƙi shiga ƙwallo, har wutar lantarki ya riƙa ba Ash. Charizard kuwa a gasar Indigo kwanciyarsa ya yi a tsakiyar fili ya ƙi faɗa, a kan haka aka fitar da Ash a karonsa da Ritchie. Ka ga ba iya cewa a'a kaɗai suke ba, sun ma faɗa an ji. Da ma'auninka an kore Pokémon ɗinsa duka shida, an bar mana yaro ɗan shekara 10 da hula. Da wa za mu haɗa shi?

Gamabunta ma haka. Lokacin da Naruto ya kira shi a faɗansa da Gaara, da farko cewa ya yi ba ruwansa, sai da ɗansa Gamakichi ya sa baki. Kurama kuwa shekara da shekaru neman hanyar ɓallewa yake yi. Ko shi ma za mu ce ya fito daga cikin Naruto ya zauna a benci?

Hokage na Takwas:
Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa. Kurama tun ranar da aka haifi Naruto mahaifinsa ya rufe shi a cikinsa. A labarin ma in aka zare dabbar daga jikin mai ɗauke da ita mutuwa yake yi. Wanda ya ce a cire Kurama kashe mana jarumi yake so ya yi tun kafin a busa usur.

Lauyan Zaure:
Ni a ganina ba ra'ayin mai taimakon za mu duba ba. Mu duba a hannun wa mabuɗin zuwansa yake, kuma wa ke biya.

Naruto ya sa hannu da jininsa a kan takardar yarjejeniyar kwaɗi. In zai kira, sai ya ciji yatsa, ya haɗa alamomin hannu, ya kashe cakrarsa, wato ƙarfin da ke jikinsa. Girman abin da zai fito gwargwadon abin da ya zuba ne, shi ya sa lokacin da Jiraiya ke koya masa ya yi ta fito da jariran kwaɗi masu wutsiya. Sai da malamin ya tunkuɗa shi cikin kwazazzabo, tsoron mutuwa ya sa ya jawo cakrar Kurama, sannan Gamabunta ya bayyana. Wato ƙaton kwaɗon nan yana iya ƙin faɗa bayan ya zo, amma zuwan a hannun Naruto yake. Taurin kan nasa sai mu lissafa shi cikin raunin fasahar, kamar yadda za mu lissafa kwanciyar Charizard. Masu adawa su yi amfani da shi a hujjarsu, amma ba dalilin haramtawa ba ne.

Kiran Superman kuwa ba ya cin Batman komai, kuma babu wani abu a jikin Batman da zai tilasta masa zuwa. Abota ce. Ku ɗauki Harry Potter da ƙaton macijin nan a littafi na biyu. Tsuntsu Fawkes ne ya zo ya tsokale wa macijin idanu, shi ya kawo hular da takobi ya fito daga ciki, shi ya warkar da dafin da hawayensa. Tsuntsun Dumbledore ne, Harry bai ma san zai zo ba. Wannan shi ne ainihin ɗaukin waje, ba ya shiga.

Ɗan Saiyan:
To ai ka wanke ni Barista. Mabuɗin Genki Dama a hannun Goku yake. Shi ke ɗaga hannu, shi ke tarawa, shi ke jefawa. Ba kowa ke iyawa ba, King Kai da ya ƙirƙiro ta ma bai ƙware a kanta ba.

Gimbiya:
Rabin wanki aka yi maka. Genki Dama iri biyu ce. Wadda ya haɗa wa Vegeta da wadda ya haɗa wa Frieza, daga ciyawa da bishiyoyi da dabbobi da duniyoyin da ke kusa ya ɗebo, kaɗan-kaɗan, bai nemi izinin kowa ba. Wannan fili ne ke bayarwa, daidai da yadda Superman ke shan hasken rana. Ba ni da ja a kanta. Sai dai ka tuna duka biyun ba su kashe kowa ba, Vegeta ya tashi, Frieza ma ya tashi.

Wadda ta kashe Kid Buu fa? Mu ƙirga hannayen da ke ciki. Vegeta ne ya kawo dabarar. Dende ya roƙi Porunga, dodon cika buri, a Namek, aka maido da duniya, aka maido da mutanenta. King Kai ya haɗa layin magana. Vegeta ya roƙi mutane suka yi banza da shi, Goku ya yi magana 'yan tsiraru da suka gane muryarsa suka bayar, sai da Mr. Satan ya daka musu tsawa sannan duniya ta ɗaga hannu. Duk wannan lokacin Buu mai ƙiba da Vegeta suna can suna shan duka don a samu lokaci. Bayan an jefa ma Kid Buu ya fara turo ta baya, sai da aka kashe buri na uku wajen dawo wa Goku da ƙarfinsa. In wannan ba taron dangi ba ne, ban san mene ne taron dangi ba.

Kuma ko ƙaramar ce, wa zai tare masa abokin gaba yayin da hannayensa ke sama? A Namek Piccolo ne ya yi wannan aikin. A namu filin ba wanda zai hana shi haɗawa, amma ba wanda zai ba shi lokaci kyauta.

Ɗan Saiyan:
Waken senzu mai warkar da rauni nan take fa?

Lauyan Zaure:
Karin ne ke noma shi, kuma ba kullum Goku ke yawo da shi ba. Sai in mai buɗe karo ya rubuta ya ba shi. Kuma in an ba shi, ka sani mutuminka ne ya taɓa jefa wa Cell guda ɗaya ana tsakiyar yaƙi.

Mai Jemage:
Mu dawo kan abin da ya jawo rigimar. A fim ɗin Civil War na 2016, Captain America yana jibgar Tony, FRIDAY, kwamfutar da ke magana a sulken Tony, ita ta gaya masa ba zai iya da shi hannu da hannu ba, ita ta nazarci salon faɗansa, sannan Tony ya fara tare duka. Wannan shi ne aikin da Oracle ke yi wa Batman, shi ne aikin Alfred. Murya ce a kunne tana ba da bayani. Me ya sa za a bar wa Tony tasa a ƙwace ta Bruce? Ko dai a bar duka, ko a cire duka.

Injiniya:
Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. FRIDAY Tony ne ya ƙera ta, basirarsa ce ya zuba a na'ura, tana tafiya da sulken duk inda ya je. In ka cire ta tamkar ka cire wani sashe na sulken ne. Oracle kuwa Barbara Gordon ce, 'yar Kwamishina Gordon, mutum ce mai rayuwarta, tana zaune a wani gini daban tana aiki da ƙwaƙwalwarta. Nasarar da aka samu da basirarta ba ta Bruce ba ce shi kaɗai. Batman yana da kwamfutarsa, yana da na'urorin da ke cikin hular jemagen, waɗannan duk nasa ne, ya yi amfani da su. Ba a hana shi komai da ya ƙera ba.

Tsohon Hannu:
Ni a nan na ɗan karkata wajen Mai Jemage. Ku duba damben zamani. Mai horarwa yana kusurwa yana ihu, tsakanin turmi da turmi yana da minti ɗaya ya ba ɗan wasansa shawara, kuma ba wanda ke cewa nasarar ba ta ɗan damben ba ce. Abin da aka hana shi ne ya tsallako cikin igiya ana tsakiyar turmi. Me zai hana mu ce murya ta halatta, hannu ne bai halatta ba?

Gimbiya:
Saboda a irin waɗannan labaran sau da yawa bayanin shi ne nasarar, Yaya. Pain bai faɗi don Naruto ya fi shi ƙarfi kawai ba. Jiraiya ya mutu wajen gano sirrinsa, Kakashi ya gano cewa bayan kowace turawar da Pain ke yi da fasaharsa akwai tazarar daƙiƙa biyar kafin ya sake, Choji ya ruga ya kai labari, Katsuyu, wadda dabbar kiran Tsunade ce ba ta Naruto ba, tana maƙale a jikinsa tana karanto masa komai. Cire wannan muryar ka gani ko zai san lokacin da zai jefa Rasengan na ƙarshe. In ana son jarumi ya san raunin abokin karawarsa, mai buɗe karo ya rubuta cewa kowa ya san kowa. Sai ya zama an ba su daidai, ba wanda ya fi yawan abokai ya fi samun labari ba.

Mai Jemage:
Na ji. To Veronica fa, Injiniya? A Age of Ultron na 2015, da Tony ke faɗa da Hulk a Johannesburg, daga sararin samaniya aka turo masa ƙaton sulken, da Hulk ya lalata hannu aka sake turo wani. Wannan daga waje yake zuwa, a zahiri ma daga wajen duniya.

Injiniya:
Nasa ne, ba mutum a ciki, shi ya ƙera tare da Banner. Amma na yarda akwai sharaɗi: sai in filin faɗan yana ƙarƙashin tauraron. In an ce a wata duniya ake karon, ko a wani fili da ba na kowa ba, Veronica ba ta san hanya ba. Haka sulkunan da JARVIS ya tuƙo masa a ƙarshen Iron Man 3, daga ƙarƙashin gidansa suka taso. Abin da jarumi ke ɗauke da shi kullum daban, abin da ya ajiye a gida daban. Na biyun sai an ba da lokacin shiri.

Malama Zee:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai ƙofar da kuka bari a buɗe, kuma ta nan ɓarnar ta fi shigowa. Kuna ta maganar wa zai shiga fili. Ba ku yi maganar taimakon da ya riga ya shiga cikin tarihin jarumi ba, wanda ake kawo mana a matsayin hujja.

Kullum a zauren nan sai wani ya rubuta "Batman ya taɓa doke Superman", a wuce wurin kamar an gama magana. Ku je ku sake buɗe The Dark Knight Returns na Frank Miller, 1986, ku kalli faɗan da kyau. Kafin ranar, Superman ya kauda makamin nukiliyar Tarayyar Sobiyet, fashewar ta kusa hallaka shi, ƙura ta rufe rana, bai gama farfaɗowa ba. Bruce ne ya zaɓi wuri, Crime Alley, ya sa sulke, ya jona shi da wutar lantarkin birni ta jikin fitilar titi. Robin, wato Carrie Kelley, tana cikin motar yaƙi tana harbi. Sannan abin da ya juya faɗan: Oliver Queen, mai hannu ɗaya, yana maƙale a sama ya harbo kibiya mai kiriftonayit, wanda Bruce ya kwashe shekaru da dukiya yana haɗawa. A kan duk wannan, Superman bai zo da niyyar kisa ba, lallashi yake yi. Faɗan kuma ya ƙare ne da zuciyar Bruce ta tsaya, abin da shi ya shirya wa kansa don a ɗauka ya mutu.

Ban ce ba bajinta ba ce. Tsara wannan duka basira ce, kuma basirar tasa ce. Amma in doka ta ce Oliver ba zai shiga filinmu ba, bai kamata kibiyarsa ta shigo ta taga a cikin jimlar "ya taɓa doke shi" ba. Wanda zai kawo tsohuwar nasara hujja, ya kawo ta da jerin waɗanda suka sa hannu. Sai mu zare nasu, mu ga abin da ya rage.

Ba Batman kaɗai ba. Light Yagami bai taɓa sanin sunan L na gaskiya ba kafin L ya mutu, Rem ce ta rubuta sunan a littafin mutuwa don ta ceci Misa, ta biya da ranta. Gohan ya gama da Cell ne bayan Vegeta ya harbo shi ta gefe ya ɗauke masa hankali.

Mai Jemage:
Malama, ai sa mutane su yi abin da kake so a lokacin da kake so shi ne ƙarfin Batman. In kika zare wannan kin zare shi gaba ɗaya.

Malama Zee:
Ban zare ba, na sa shi a inda ya dace. Wannan faɗan hujja ce mai ƙarfi in ana tambayar me Batman zai iya da shekaru na shiri da mataimaka biyu. Ba hujja ba ce in an ce sun yi kiciɓis a lungu babu shiri. Mutane suna ɗauko amsar tambaya ta farko su liƙa wa ta biyu.

Mai Hular Kaba:
Ni mutumin Luffy ne, amma gaskiya ɗaya ce. A Dressrosa, Gear Fourth ya ƙare Doflamingo bai faɗi ba, Luffy ya zama ba Haki, ƙarfin da yake faɗa da shi, na minti 10. Mai gabatar da gasar filin daga, Gatz, shi ya goya shi yana gudu, mayaƙan filin suka tare Doflamingo da jikinsu. Kafin nan ma Law ya riga ya yayyanka masa kayan ciki da Gamma Knife. A filin da ba kowa, minti goman nan su ne ƙarshen labari. Na fi son a faɗa da bakina kafin Hokage ya faɗa.

Shida-Ido:
Tunda an zo nan, a yi mana adalci kan Gojo da Sukuna. Kullum ana cewa Sukuna ya ci, alhali uku suka taru a kan ɗaya: shi, da Mahoraga, da Agito, dodannin da yake kira. Kuma duka biyun daga fasahar Megumi suka fito, jikin yaron ya ƙwace. Ba don Mahoraga ya nuna masa yadda ake yanka ta cikin kariyar Gojo ba, da har yanzu yana nema.

Lauyan Zaure:
Da ma'aunin mabuɗi, Mahoraga ya halatta ga Sukuna na wannan lokacin. Jikin a hannunsa yake, fasahar a hannunsa take, da ƙarfinsa yake kira. Sata ce, amma ba ɗauki ba ne. Abin da za ka iya nema shi ne a rubuta wane Sukuna ake nufi, na jikin Yuji ko na jikin Megumi. Kuma kada ka manta da yadda aka buɗe faɗan. Harin farko na Gojo, mai ƙarfin kashi 200, Utahime ce ta ƙara masa ƙarfi da fasaharta, Gakuganji yana yi mata kiɗa, Ijichi ya kafa shinge don kada Sukuna ya ankara. In ana neman wanda mutanen waje suka taimaka wa a wannan karon, naka ne.

Auta:
Haba jama'a! Wasunmu anime kawai muke kallo ba ma karanta manga. Ku riƙa gargaɗi kafin ku tona labari mana.

Baban Zaure (admin):
Auta ta yi gaskiya. Abin da bai fito a anime ba a sa gargaɗi a sama. Mu ci gaba.

Sarkin Inuwa:
To ni dai na ji daɗin dokar Barista. Sojojin Sung Jinwoo duk nasa ne. Shi ya tashe su daga gawar waɗanda suka faɗi, a cikin inuwarsa suke zaune, in aka sare su da ƙarfin sihirinsa suke sake haɗuwa. Igris, Beru, dukansu. Mabuɗi nasa, biya nasa. Kada wanda ya zo gobe ya ce runduna guda a kan mutum ɗaya ba adalci ba ne.

Tsohon Hannu:
Ba za a ce ba, ƙanena. Amma sai an faɗi yadda ake cin irin wannan karon. Shi ake nema, ba rundunar ba. In abokin karawarsa ya ratsa ta tsakiyarsu ya kai Jinwoo ƙasa, an gama, ko da Beru yana tsaye da ƙafarsa. Haka Big Mom da Prometheus da Napoleon, tunda daga ranta ta yi su. Ash ne kawai zan ware, don shi a ƙa'idar duniyarsu ba a dukan mai horarwa, in shidansa suka faɗi ya faɗi. Thanos da rundunarsa kuwa wani abu ne daban. Waɗannan sojoji ne da ke bin sarki, ba daga jikinsa suka fito ba, su zauna a jirgi.

Kakan Zaure:
Yara, ku bar ni in jefa tawa. Gizo ya taɓa ƙalubalantar Giwa da jan igiya, ya je ya ƙalubalanci Dorina, ya ba kowa bakin igiya ɗaya, ya koma gefe ya ɓuya. Suka wuni suna ja, kowa yana mamakin ƙarfin ɗan mitsitsin nan. Ba abokansa ba ne, bai kira su ɗauki ba, ba su ma san suna yi masa aiki ba. A dokarku Gizo ya ci ko ya yi maguɗi? Ina tambaya ne don akwai irinsa da yawa a cikin jaruman da kuke haɗawa. Lelouch in ya kalli idon mutum ya ba shi umarni dole ya bi. Aquaman kifayen teku yake kira. In akwai 'yan kallo a filin, duk sun zama makami.

Lauyan Zaure:
Ranka ya daɗe, Gizo ya ci, don wayon nasa ne. Amma sai da aka samu Giwa da Dorina a wurin. Maganar ta koma kan fili ke nan. In an ce birni ne cike da mutane, Lelouch ya samu sojoji, Superman kuma ya samu abin da zai riƙe masa hannu, tunda ba zai yarda gini ya faɗo wa jama'a ba. In an ce hamada ce ba kowa, Gizo sai ya ja igiyarsa da kansa.

Baban Zaure (admin):
To ga abin da zan liƙa a saman zaure, sai in an kawo abin da ya rusa shi. Duk abin da ke cikin jikin jarumi, ko yake ɗauke da shi a al'adarsa, ko yake kira da ƙarfinsa, nasa ne, tare da duk taurin kai da raunin da abin ke da shi a labari. Wanda zuwansa ya dogara da abota ko tausayi ko sa'a, ba ya shiga, ko da murya ce a kunne. Kayan da aka ajiye a gida sai an ba da lokacin shiri, kuma shirin na mutum ɗaya ne, ba a tara dangi a cikinsa. In mai buɗe karo bai faɗi fili ba, mun ɗauka wuri ne da ba mutane, akwai rana, akwai ƙasa da ruwa da tsirrai. Tsohuwar nasara kuma a kawo ta yadda Malama ta ce, da sunan duk wanda ya sa hannu.

Wanda yake son Batman da Robin da Oracle, ko Goku da dukan mutanen duniya, ba a hana shi ba. Ya rubuta a layin farko, kafin kowa ya zaɓi ɓangare. Abin da ba zan ƙara bari ba shi ne a sauya sharaɗi bayan an ga inda iska ta kaɗa.

Ɗan Saiyan:
Vegito da Gogeta fa, Baba, wato in Goku da Vegeta sun haɗe jiki ɗaya?

Baban Zaure (admin):
In an rubuta Gogeta, Gogeta ne tun daga farko, da iyakarsa ta minti 30. In an rubuta Goku, ba zai tsaya a tsakiyar faɗa ya nemo Vegeta su yi rawa ba.

Hokage na Takwas:
Saura guda ɗaya da ban ga inda ya faɗa ba. Pain. Jikuna shidan nan gawarwaki ne, Nagato ne ke juya su daga nesa ta baƙaƙen sandunan da ke jikinsu. Da ya kai wa Konoha hari yana ɓoye a wuri mai tsayi kusa da garin, cikin bishiyar takarda da Konan ta yi masa. Naruto ma sai da ya soka wa kansa sandar ya bi sawun cakrar sannan ya gano shi. To a namu filin a ina za a ajiye Nagato? In yana waje, ba a iya cin sa. In yana tsakiyar fili, mutum ne da ƙafafunsa suka lalace, a cikin keken ƙarfe yake.

Tsohon Hannu:
Yana cikin fili, tunda shi ake nema. Konan da bishiyarta suna waje. Nisan da za a ba shi mai buɗewa ya rubuta.

Baban Zaure (admin):
Haka za a yi. Hokage, kai ka kawo, kai za ka buɗe. Haɗa shi da Jinwoo mu gwada dokar a kan masu runduna biyu.

Hokage na Takwas:
Na buɗe. Pain na harin Konoha da Jinwoo na bayan Tsibirin Jeju, daji ba mutane, babu shiri, ba wanda ya san wani, Nagato yana kan tudu a bakin dajin.

Sarkin Inuwa:
Tambaya ɗaya kafin in shigo. In Jinwoo ya kayar da ɗaya daga cikin shidan, zai iya tashe shi ya zama sojansa? Don gawa ce tun asali, kuma ta daɗe.

Baban Zaure (admin):
Wannan kuma ka kai ta can, a nan maganar doka muke.